Hannun da Na Ɗaure Miki

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da abokan zama nagari. Innarki na ba wa takardar, na ce ta cusa miki ita a jaka, kada ki gani sai kin isa makaranta. Na san za ki yi mamaki. Tun da aka haife ki ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba, ni da alƙalami sai rubuta awon mutane. Magana baki da baki kuwa kin san halina, in na zauna da ke sai in ɓuge da tambayar ko an ba awaki ruwa. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, kunya biyu ke nan. To, takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, bari in gaya mata ta gaya miki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, da safen nan kika baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na ajiye ɗinkin mutane na zauna rubutu.

Kwana shida da suka wuce, da la'asar, na dawo gida ɗaukar wani zare da na manta. Ina cikin zaure na jiyo ki da innarki a tsakar gida. Ban zo da niyyar laɓewa ba, amma gaskiya ban yi gyaran murya ba. Cewa kin faɗi jarrabawar ɗinkin rauni a makarantar ungozoma, wannan na sani. Cewa saura miki dama ɗaya, in kin sake faɗuwa sai gida, wannan ma na sani. Abin da ban sani ba shi ne abin da kika ce wa innarki. Kika ce, "Inna, komawa kawai za ni yi don kar a ce ban koma ba. Hannun banza gare ni. Ko Baba ya faɗa."

Na juya na koma shago ba zaren. Eh, na faɗa. Ban manta ba, ashe ke ma ba ki manta ba. Kuma ƙarya ce na yi miki. Ba na so ki shiga wannan jarrabawa da ƙaryata a kanki, shi ya sa zan ba ki labarin daga tushe, ko da zai yi tsawo. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

A Dandin Mahe aka haife ni, wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne bahago aka haife ni. Ni ɗin nan, Umaru Tela, ubanki. In kina so ki sake karanta layin, yana nan yadda kika gan shi.

Kakanki manomi ne, mutum mai gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ba mugu ba ne, amma a gidansa hannun hagu ba ya taɓa abin kirki. Hana ni cin tuwo da shi da aka yi, wannan daidai ne, har yau ina godiya. Sai dai abin bai tsaya ga akushi ba. In za mu gona, sai ya ɗaure mini hagun a ƙugu da tsumma, ya danƙa mini fartanya a dama. Kowa ya kai ƙarshen kunyarsa ina tsakiya ina fama. Ranar da aka ba ni lauje, maimakon ciyawa sai na sari ƙaurina. Tabon da kike gani in na naɗe wando zan yi alwala, wanda nake ce muku faɗuwa na yi daga kan jaki, shi ne. Kakanki ya ɗaure ciwon, ya dube ni ya ce, "Kai dai hannun banza gare ka." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da faɗa ne da tuni na manta.

Da ya ga noma ya ƙi, sai ya kawo ni Bodinga wurin Malam Garba tela, ko keke zai karɓe ni. Keke kuwa ya karɓe ni, don shi ba ruwansa da hagu ko dama, ƙafa yake so da ido. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin yanka. In na riƙe almakashi da dama, layin alli na gabas ni ina yamma. Na taɓa lalata wa wani ango shaddarsa, Malam Garba ya yi kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Wata rana da hantsi ya tafi suna, ya bar ni da wani yadi da ya riga ya zana. Na duba ƙofa ba kowa, na mayar da almakashin hagu. Uwata, yadin nan tsagewa ya yi ta yi a kan layi kamar da ma jira yake. Da Malam Garba ya dawo ya ɗaga ya duba, ya ce addu'ar da yake yi mini ce ta ci. Na ce haka ne, Malam.

Ga kuskurena na farko nan. A ranar ya kamata in ce, Malam, da hagu na yanka. Iyakar abin da zai yi ya zage ni, zagi kuwa na saba. Ban faɗa ba. Tun daga nan ban sake yanka a gaban mutum ba. Da na buɗe shagona, labule na fara saye kafin tebur. Kin san shi, koren labulen nan na ƙuryar shago, wanda kuna yara nake hana ku ɗagawa. Mutanen kasuwa suka yi ta ƙirƙiro dalili. Wasu suka ce laya gare ni a ciki, wasu suka ce salon yanka nake ɓoyewa kada teloli su sata. Ni kuwa har daɗi nake ji, ina wani cin magani kamar mai babban sirri. Alhali babban sirrin shi ne ƙato da gemu yana tsoron a ga da hannun da yake aiki.

Kada ki ɗauka ɓuya kyauta ce. Shekara talatin da wani abu ina yanka a wuri mai duhu da zafi, shi ya cinye mini ido har na koma ga tabarau tun ban tsufa ba. An taɓa kiran teloli aikin kayan 'yan makaranta, aka ce a zauna wuri ɗaya a yanka tare, na ce ina da ciwon baya. Duk wanda ya koyi ɗinki a hannuna sai ya tafi wani wuri ya koyi yanka, ana ta cewa Umaru rowar sana'a gare shi. Wannan ya fi yi mini ciwo, don ba rowa ba ce. Na fi kowa yanka a layinmu, ba yabon kai ba, kuma in na mutu yau da abina zan tafi.

To ki ji. Abin da Allah ya halicce ki da shi, in dai ba saɓo ba ne, kada ki saya masa labule. Ɓoye shi ba ya sa ya tafi, sai dai ya mayar da ke mai gadinsa. Kullum hankalinki rabi na kan aiki, rabi na kan ƙofa. Ki dubi kanki yadda kike, ki ce to, da wannan aka aiko ni, da shi zan yi aiki. Ban ce ki yi alfahari da shi ba. Ba abin alfahari ba ne, ba kuma abin kunya ba ne, hannu ne kawai.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don shi ko uzurin ƙuruciya ba ni da shi.

Almakashin da ake sayarwa duk na dama ne. In ka riƙe shi da hagu, bakinsa na sama yana rufe maka layi, sai ka leƙa, kuma yana son ya tauna yadi maimakon ya yanka, sai ka matsa da ƙarfi. Shi ya yi mini wannan kantar a gindin babban yatsan hagu. Wata rana, kina goye a lokacin, na je kasuwar Shagari na kai wa wani maƙeri almakashi ya wasa mini. Ɗan'ige ake ce masa, dattijo ne mai ido ɗaya, amma idon nan ya fi na mutum uku. Ina miƙa masa da dama, ya ƙi karɓa, ya kamo hagun ya juya ya dubi kantar. Ya ce, "Tela, wanga hannu shi ka aiki, wancan rakiya ya zo." Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na fara kame-kame, ya ce in bar wahal da kaina, ba shela zai yi ba. Ya ce zai ƙera mini almakashi mai juyayyen baki, na hagu, in dawo kasuwa mai zuwa in karɓa. Har ya sa igiya ya auna yatsuna.

Kasuwa mai zuwa ta zo, na ce aikin Sallah ya yi yawa. Ta bayanta aka yi ruwa. Ta bayanta kuma na ce bari in jira ranar da ba 'yan Bodinga da yawa a motar, kada a tambaye ni me na je yi. Daga Bodinga zuwa Shagari fa, ba Makka ba. Nakan je garin ma, ta'aziyya ko ɗaurin aure, sai in bi ta bayan layin maƙera kada mu haɗa ido. Ban taɓa ce wa kaina ba zan je ba. Kullum zan je ne. Ina cikin zan je na ji Ɗan'ige ya rasu, da shekara biyu ma kafin labarin ya iso ni.

Ki kula da wannan, don irin namu ne, na gan shi a jikinki. Mu ba ma cewa a'a, sai dai mu ce sai an jima. Mutum ya ce a'a ya san ya yanke shawara, ko daidai ko kuskure. Mai sai an jima kuwa yana nan yana jin kansa mai niyya har a kai shi kushewa. In abu ya kamata, ki sa masa rana da lokaci, ki faɗa wa wani ya zama shaida, in lokacin ya yi ki tashi ko gabanki na faɗuwa. Ban taɓa jin ranar da tsoron ya tafi ya ce mini to yanzu je ka ba. Na jira ta shekara ashirin, ba ta zo ba.

Yanzu na zo kan wanda nake ta kewaye.

Kina da shekara huɗu na ga kin ɗauki gawayi kina zane a bangon zaure da hagu. Zanen kaza ne, kuma ya yi kama da kaza. Abin da ya kamata in ji shi ne daɗi. Abin da na ji shi ne tsoro, wai za a duba ki a gano ni. Na je na yago ƙyalle a ragowar atamfa, na ɗaure miki hannun a ƙugu, irin ɗaurin da aka yi mini, har ƙullin iri ɗaya. Kika yi kuka, innarki ta ce yarinya ce a bar ta, na ce ni na san abin da nake yi. Wata da watanni ana haka har kika daina miƙa shi. Aka sa ki makaranta kika koyi rubutu da dama, rubutun da malamai suka yi ta cewa kamar tafiyar tsutsa. Ina ji ina shiru.

Sannan ranar da kika tuna. Kina da shekara goma sha biyu, kika zo shago kawo mini abinci, kika ce in ba ki ki gwada yanka. Na ba ki guntun yadi da almakashi, kika riƙe da dama kamar yadda na tilasta miki, kika yanka a karkace. Akwai mutane a kan benci. Sai na ji bakina ya ce, "Ke dai hannun banza gare ki." Aka yi dariya. Kika ajiye almakashin a hankali, kika ɗauki kwanonki kika tafi. Ni kuma na shiga bayan labule na ci gaba da yanka da hagu.

Ban san abin da zan kira wannan ba in ba zalunci ba. Na ɗaure miki hannun kirkin, na bar miki wanda bai iya ba, sannan na tsaya a gaban jama'a na yi masa dariya. Kuma ba zama na yi na shirya ba. Da na shirya ma da sauƙi, sai a ce mugu ne. Abin da aka yi mini ne kawai na juye miki, ban tsaya na tambayi kaina don me ba. Yawancin ɓarnar da na yi a rayuwa haka na yi ta, ba da niyya ba, da rashin niyya. Na tashi na tarar ana yi, na bi. Ki gafarce ni, Uwata. A rubuce na roƙa don ki riƙe, in kin ga dama ki amsa, in ba ki shirya ba ba na gaggauta ki.

Hannun da na ɗaure bai mutu ba, ni shaida ne. Ki tuna ranar da innarki ta haifi autanmu, da rana tsaka, jini ya ƙi tsayawa, mata suka rikice, ni ina ƙofar gida ina neman mai keke napep kamar mahaukaci. Da muka shigo ɗaukarta, ke kaɗai ce ba ki kuka. Kin naɗe zane kin danne inda ungozomar unguwa ta nuna miki, kina yi wa innarki magana a hankali, haka kika riƙe har asibiti. Da hagu kika danne. Ke ba ki lura ba, ni na lura, don ni duk inda na shiga hannun mutane nake kallo. A ranar kika ce aikin nan za ki koya. Ba ni na zaɓa miki ba, ba innarki ba, ke kika faɗa da bakinki a barandar asibiti da jini a rigarki.

Bari in gaya miki abin da na yi cikin kwana shidan nan, kada ki ce tsoho ya iya wa'azi daga zaune.

Da farko na sami liman bayan azahar, na tambaye shi a kaikaice, wai wani abokina ne tela bahago. Ya ce ci da sha da bayarwa da karɓa da gaisawa, a yi da dama, wannan ladabi ne da aka koya mana. Amma ɗinki da yanka da noma, shi bai san inda aka hana mutum aiki da hannun da ya fi masa ƙarfi ba. Sannan ya ce in gaida abokin nawa, in ce masa yankan rigar da ya ɗinka masa bara, shi liman, ya yi kyau. Na tashi ina share zufa.

Na dawo gida na zaunar da innarki, na ce akwai maganar da na ɓoye mata tun aurenmu. Ta ajiye tsintsiya, fuskarta ta canza, ina jin ta ɗauka aure zan ƙara. Da na faɗa sai ta dube ni ta ce, "Wannan ita ce maganar? Malam, tun satin da aka kawo ni na sani. Da hagu kake korar ƙuda, da hagu kake zura zare, da hagu kake jifar akuya in ta shiga rumbu." Na ce to don me ba ki taɓa faɗa ba? Ta ce ta ga ina wahala da ɓoyon ne, ba ta so ta ɓata mini aiki. Sannan ta daina dariya ta ce, "Na yarinyar ne ban yafe ba tukuna." Gaskiyarta ce.

Washegari na shiga mota na tafi Shagari. Na san Ɗan'ige ba ya duniya, amma na ce ko ƙofar maƙerar in tsaya in yi masa addu'a. Na tarar da ɗansa a wurin, shi ma har ya fara furfura. Na gaishe shi, na ce ni tela ne daga Bodinga, na san mahaifinsa. Ya ajiye guduma ya dube ni, ya dubi hannuna. Ya shiga ciki, na ji yana ture-turen ƙarafa. Ya fito da almakashi naɗe a tsumma, ya yi tsatsa. Ya ce, "Baba ya ce na wani tela na na Bodinga, kar a sai da shi, yana nan zuwa." Mutane sun taya ya fi a ƙirga, in ji shi, amma duk wanda ya gwada sai ya ce ba ya ci, don da dama suke riƙewa. Ya zauna ya kankare shi, ya wasa, ya sa mai. Na zura yatsuna, suka shiga daidai. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na zo tasha.

Jiya ranar kasuwa ce. Na fito da teburin yanka daga ƙurya na ajiye shi bakin shago, inda kowa ke wucewa. Na cire labulen, innarki ta ce za ta yi shimfiɗar shanyar kuɓewa da shi. Na shimfiɗa farin yadi, na zana, na ɗauki almakashin Ɗan'ige da hagu. Na fara yanka. Karon farko a rayuwata ina ganin layi ba tare da na leƙa ba.

Kin san abin da ya faru? Alhaji Sani mai albasa, wanda muka shekara talatin muna zama benci ɗaya, ya zo wucewa ya tsaya. Ya kalla, ya kalla, ya ce, "Af, Umaru, ashe kai bahago na?" Na ce eh. Ya ce, "Ikon Allah. To yaushe wandona ka ƙarewa?" Shi ke nan. Abin da na ba idona da rabin sana'ata da hannun ɗiyata don kada ya faru ke nan. Na tsaya riƙe da almakashi ban san dariya zan yi ko zagin kaina ba. Na ce masa ya dawo jibi.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi, kuma ba sai an jima ba. Ranar da kika fara shiga aji, kafin ki zauna, ki sami malamar da ke koya muku ɗinki. Ki gaishe ta da ladabi, ki ce mata ke bahaguwa ce aka juya tun kina ƙarama, kina neman izini ki koma yi da hagu. In ta yi mamaki, ta yi. In 'yan ajinku sun yi dariya, ba za ta wuce ta kwana biyu ba, kowa da abin da ya dame shi. Na tambaya an ce mini kayan aikinku ma yawanci don dama aka yi su, to za ki sha wuya da farko, kada wannan ya karya miki gwiwa. A aljihun jakarki na gefe na sa miki guntayen fata masu laushi da na karɓo wurin dukawa, da lanƙwasasshiyar allura da zare. Kullum bayan sallar asuba, kafin ki taɓa waya, ki tsaga fata ɗaya ki ɗinke. Kada ki duba kyau a satin farko. Hannun da ya shekara goma sha tara a ɗaure sai an lallashe shi.

Ba zan yi miki alkawarin za ki ci ba, ni ba Allah ba ne, kuma na gaji da yi miki ƙarya. Makonnin da suka rage ba su da yawa. Yana yiwuwa ki yi duk wannan ki faɗi. In haka ta faru, ki dawo gida da kanki a sama, ni zan je tasha in ɗauko jakar. Abin da ba na so shi ne ki koma don kar a ce ba ki koma ba. Wannan ba komawa ba ce, labule ne irin nawa. Kafin ki shiga ɗakin jarrabawa ki tambayi kanki don wa kike yi. In amsar ita ce don bakin mutanen Bodinga, na gaya miki abin da bakin nan ya ce jiya, wandonsa yake tambaya. In kuwa don matar da za ta kwanta a gabanki ne wata rana kamar yadda innarki ta kwanta, to ki ɗaura niyya kamar yadda kike ɗaura ta sallah, ki san abin da kika tsaya yi, sannan ki sa hannu.

Sauran nasiha kin san su, innarki ta cika miki kunne. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ki jin yunwa, ki girmama na gaba, kada ki raina mai shara. Ki ci da dama, ki ba mutane abu da dama, ki gaisa da dama. In aiki ya zo, ki yi da hannun da aka ba ki.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙirji, ya daidaita miki hannu. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciya, ya maido mana ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki, ko da yake da safen nan kuka rabu.

Farin yadin da na yanka jiya a bakin shago, rigar aikinki ce. Tana ƙasan jaka, a naɗe cikin leda. In kin sa za ki ga aljihun almakashi ba ya inda na sauran 'yan ajinku yake. Kada ki kai wa wani tela ya gyara. Ba kuskure na yi ba, a hagu na sa shi.

Mahaifinki,
Umaru Tela, bahago.